Darasi na Goma Sha Bakwai: Kiɗan Fank da Gambarar Zamani a Lokacin Tsanani

A darussan baya kun yi nazarin makaɗan Hausa na gargajiya, wato makaɗan fada da na sana'a da na jama'a. Yau za mu ƙetare teku, mu dubi wasu kaɗe-kaɗe biyu da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago: fank da hip-hop. Na biyun shi ne wanda gidajen rediyon Hausa suke kira gambarar zamani. Ba baƙo ba ne a gare ku. Kuna jin sa a wayoyin samari a Pantami da Jekadafari da Tudun Wada, kuna jin sa a shagunan aski da rumfunan masu tura waƙa a waya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kaɗe-kaɗen nan biyu sun girma ne a cikin wahala, a lokacin da birane suke cin wuta. Duk ƙasar da suka shiga kuma, sukan tarar da mutanen da suke da kuka, suna neman bakin da zai faɗa musu shi. Ku karanta a hankali, ku ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ta shige muku duhu.

Mene ne fank?

Ku tafa hannu sau huɗu: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ku maimaita. Yanzu ku ƙarfafa tafin farko, ku sassauta sauran ukun. Wannan bugu na farko mai nauyi shi ne ginshiƙin fank. Mawaƙin da ya kafa shi sosai shi ne James Brown, a tsakiyar shekarun 1960. Kafin wannan lokaci, a yawancin waƙoƙin da ake sayarwa a Amurka murya ce sarauniya, kayan kiɗa kuwa 'yan rakiya ne. Brown ya juya al'amarin, ya sa kowane abin kiɗa ya yi aikin ganga. Jita ta riƙe gajeren bugu ɗaya tana maimaitawa. Kayan busa su yi tsawa, su yi shiru. Shi kansa mawaƙin yakan yanka kalma gunduwa-gunduwa, ya jefa, 'yan amshi su cafe. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan kalangu a wurin biki ya san wannan tsari: ƙaramar ganga tana riƙe da bugu ɗaya ba ta sauyawa, babba kuma tana magana a kansa. Ba abin mamaki ba ne. Kakannin baƙaƙen fatar Amurka daga Afirka aka kwashe su a zamanin cinikin bayi.

Ranar 4 ga Afrilu, 1968, aka harbe Martin Luther King, jagoran masu neman 'yancin baƙar fata, a birnin Memphis. Tarzoma ta ɓarke a birane fiye da ɗari. Washegari kuwa Brown yana da wasa a birnin Boston. Da farko hukumomin birnin sun so su soke wasan. Daga baya suka ga dabarar da ta fi: aka nuna shi kai tsaye a talabijin, domin mutane su zauna a gida. Ana cikin wasa sai wasu samari suka haye dandamali, 'yan sanda suka taso musu. Brown ya dakatar da 'yan sandan, ya lallashi samarin da bakinsa har suka sauka. A daren nan Boston ta fi sauran manyan birane kwana lafiya.

Kiɗa ya dawo gida

Kiɗan da ya bar Afirka a cikin jiragen bayi ya dawo a kan faifan garmaho. A shekarun 1960 wani mawaƙi ɗan ƙasar Saliyo, Geraldo Pino, ya ruɗa samarin Legas da salon James Brown. A ƙarshen 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa, Brown da kansa ya zo Najeriya ya yi wasa.

Amma wanda ya mayar da wannan kiɗa makami shi ne Fela Anikulapo Kuti. A 1969 ya tafi Amurka da makaɗansa. A birnin Los Angeles ya haɗu da wata 'yar gwagwarmaya, Sandra Smith, wadda ta ba shi littattafai a kan Malcolm X da tarihin baƙar fata. Da ya dawo, shi da mai gangarsa Tony Allen suka gauraya fank da kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma, suka fitar da salon da ake kira Afrobeat. Waƙa ɗaya takan wuce minti goma. Sai kiɗa ya daɗe yana tafiya, jiki ya ɗauka, sa'an nan Fela ya buɗe baki. Ya zaɓi ya yi yawancin waƙoƙinsa da Turancin buroka, domin leburan tasha da 'yar kasuwa su gane, ko wane harshe suka tashi da shi.

A waƙarsa mai suna *Zombie* ya yi wa sojoji zambo, ya siffanta su da gawar da ke tafiya, wadda ba ta motsi sai an ba ta umarni. A lokacin soja ne suke mulki. Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, sojoji kimanin dubu suka far wa gidansa da ake kira Kalakuta, suka ƙone shi, suka yi masa dukan kawo wuƙa. Mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, aka jefo ta daga tagar bene, ta rasu a watan Afrilun 1978. Binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan sojojin da ba a san ko su wane ne ba. Wannan baiwar Allah kuwa tana da alaƙa da Arewa: wurinta Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta je a Abeokuta, domin ta ƙaru da dabarun gwagwarmayar mata.

Unguwar Bronx

Mu koma Amurka. Bronx wani yanki ne na birnin New York. A farkon shekarun 1970 masana'antu suna rufewa, masu hali suna ƙaura, talakawa suna cunkushe a tsofaffin benaye. Wasu masu gidajen haya har wuta suke sa wa gidajensu domin su karɓi kuɗin inshora. A 1975 saura ƙiris baitulmalin birnin ya tsiyace, aka sallami malamai da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda masu yawa. Samari marasa aiki suka rarrabu ƙungiya-ƙungiya, kowace tana tsaron layinta da wuƙa da gora.

A wannan yanki, ranar 11 ga Agusta, 1973, wani saurayi ɗan asalin Jamaika, Clive Campbell, wanda aka fi sani da Kool Herc, ya sa kiɗa a wani ɗan biki da ƙanwarsa ta shirya a gida mai lamba 1520, titin Sedgwick. Wannan rana ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar hip-hop. Herc ba ya kaɗa ganga, ba ya busa. Fayafayan fank yake juyawa. Ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai wurin da mawaƙi ya yi shiru, aka bar ganga ita kaɗai. Wurin nan gajere ne, daƙiƙa kaɗan ya wuce. Sai ya nemo kwafi biyu na faifai ɗaya, ya ɗora su a na'urori biyu: wannan na ƙarewa, ya saki wancan. Da haka ya ja gajeren kiɗa ya yi tsawo. A kan wannan kiɗa samari suka fara zuba magana mai amsa-amo, suna kirari, suna ba'a, suna gasar fasaha. Da yawa daga cikinsu tsofaffin 'yan daba ne da suka mayar da faɗan wuƙa ya koma gasar baki da ta rawa.

Da farko maganar duk ta nishaɗi ce. A 1982 ƙungiyar Grandmaster Flash ta fitar da waƙar *The Message*, wadda ta bayyana ƙazantar unguwa, da bashi, da makarantar da ba ta koyar da komai, da gidan yari da ke jiran yaro. Tun daga nan aka gane cewa gambara tana iya zama jaridar waɗanda jarida ta manta da su.

Masu tonon faifai

Da yake hip-hop a kan tsohon kiɗa aka gina shi, sai wata sana'a ta ɓullo: tonon faifai. Mutum ya wuni a tsohon shago yana buɗe kwalaye masu ƙura, ko Allah zai sa ya dace da bugun da ba wanda ya taɓa amfani da shi. Tsohuwar zuma, in ji Bahaushe, da ita ake magani. Wani ɗan gajeren bugu da Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, ya yi a waƙar *Funky Drummer* ta 1970, an yanke shi an saka a waƙoƙi fiye da dubu. Shi kuwa Stubblefield, ladan aikinsa na ranar kawai aka biya shi.

Tonon ya iso Afirka. A 1972 Manu Dibango na ƙasar Kamaru ya yi *Soul Makossa*, aka sa ta a bayan faifan da aka buga domin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda ƙasarsa ta karɓi baƙunci. Wani mai juya faifai, David Mancuso, ya tsince ta a wani shago a New York. Kafin a ce haka, ta game gidajen rawa da na rediyon Amurka. Bayan shekara goma Michael Jackson ya ɗauki amshinta ba tare da izini ba, sai da Dibango ya kai ƙara aka sasanta da shi.

A Enugu akwai William Onyeabor, wanda ya buga fayafayan fank da na'urorin lantarki tsakanin 1977 da 1985, daga nan ya bar waƙa ya koma ga kasuwanci da addini. A 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Luaka Bop ya tattara waƙoƙinsa ya sake bugawa, sunansa ya zaga duniya, shi kuwa ya ƙi fita ya yi wasa har ya rasu a 2017. A shekarar 2013 ɗin dai, kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya sake fitar da kaset ɗin da Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar ya naɗa a 1978, ya kuma fitar da *Harafin So*, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Kirkley ya yi suna ne da tattara waƙoƙi daga katin wayoyin mutane a ƙasashen Sahel. Ta wannan hanya Turai da Amurka suka san Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita, wanda ya naɗi waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta mawaƙan finafinan Hausa.

Jaridun ƙasashen waje sukan ce an "gano" waɗannan mawaƙa. Ku yi hattara da wannan kalma. A tsofaffin littattafan makaranta an rubuta cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, alhali masunta sun gaji kamun kifi a cikinsa kaka da kakanni. Haka kiɗan Mamman Sani: shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa shi a tsakanin shirye-shirye, yaro da babba sun san shi. Wanda ya gano, kansa ya gano wa. Duk da haka, kada mu yi wa masu tonon nan butulci. Sun tsamo kaɗe-kaɗen da gara da ƙura suke ci, wasu mawaƙan kuma sun sami kuɗi da girma a lokacin tsufa. Abin kunyar namu ne: kasusuwan kakanninmu suna ruɓewa a ƙarƙashin gado, sai baƙo ya zo daga wata uwa duniya ya nuna mana darajarsu.

Gambara da masu mulki a Afirka ta Yamma

A watan Janairun 2011, ɗaukewar wutar lantarki ta ishi mutanen Senegal. Wasu mawaƙan gambara, cikinsu har da Thiat da Kilifeu, tare da ɗan jarida Fadel Barro, suka kafa ƙungiyar Y'en a marre, ma'ana "mun gaji". Ba su tsaya ga waƙa ba. Sun bi unguwa-unguwa suna kiran matasa su yanki katin zaɓe. Shugaba Abdoulaye Wade ya nemi wa'adi na uku, ya sha kaye a watan Maris na 2012. A Burkina Faso kuma mawaƙa biyu, Smockey da Sams'K Le Jah, suka kafa wata ƙungiya a 2013 wadda alamarta tsintsiya ce. Tana cikin waɗanda suka jagoranci zanga-zangar da ta sa Blaise Compaoré ya sauka ranar 31 ga Oktoba, 2014, bayan shekara 27 a kan mulki.

A Najeriya, Eedris Abdulkareem, wanda aka haifa ya kuma tashi a Kano, ya fitar da *Jaga Jaga* a 2004, yana kukan lalacewar ƙasa. Aka hana sa ta a rediyo, hanin kuwa ya ƙara mata farin jini. A watan Afrilun 2025 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta sake hana wata waƙarsa a kan tsadar rayuwa.

Ƙasar Hausa ba ta jira Amurka ba

Kada ku ɗauka cewa faɗa wa mai mulki gaskiya a cikin waƙa baƙon abu ne a nan. Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta *Arewa Jumhuriya ko Mulukiya* yana yi wa sarakuna gargaɗi. Dan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da yawancin makaɗa sarakuna da attajirai suke bi. Ita kanta kalmar gambara tsohuwa ce. 'Yan gambara makaɗa ne masu yawo kasuwa-kasuwa, suna zuba magana da sauri, cike da ba'a da barkwanci. Da Bahaushe ya ji hip-hop, bai sha wahalar raɗa masa suna ba.

Makaɗan Hausa suna da manyan makamai uku. Akwai zuga, wato kambama mutum. Akwai zambo, wato muzanta shi ta hanyar siffanta aibinsa. Akwai kuma habaici, wanda ya fi su wayo: a faɗi magana ba a kama suna ba, wanda ya tsargu da shi ake. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin "as".

Masu gambarar zamani da Hausa sun gaji waɗannan makamai. Daga 2007 hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ta tsananta wa 'yan fim da mawaƙa, tana cewa tarbiyyar jama'a take karewa. Mawaƙan kuwa suka ce bakinsu ake so a rufe, suka mayar da martani da waƙa. A 2009 aka haramta waƙoƙi goma sha ɗaya a jihar, cikinsu har da *Girgiza Kai* ta Nazir Ahmed Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums. A shekarar ce kuma aka kama Aminu Ala aka gurfanar da shi a kotu. Amma hanin bai hana ji ba, domin waƙoƙin ba a shago suke ba. A waya suke, suna tsallakawa daga wannan zuwa waccan.

Ga wani abin da ya kamata ya ƙarfafa muku guiwa, ku masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Da yawa daga cikin masu gambarar Arewa ba Hausawa ba ne a asali, kuma ba duka daga Kano ko Katsina suka fito ba. Classiq da B.O.C Madaki 'yan Jihar Bauchi ne, Morell kuwa ɗan Borno. Sukan gauraya Hausa da Turanci a baiti ɗaya, kamar yadda ake yi a hirar titi.

Gombe

Gombe mahaɗa ce. Tun da aka mayar da hedikwatar masarauta nan a 1919, aka kawo layin dogo a 1963, aka kuma ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin yake ta karɓar baƙi. Bafulatani da Batangale, da mutumin Tera da na Waja da na Tula da Babole, kowa da harshensa a gida, amma a kasuwa da tasha Hausa ce take haɗa su. Aikin da Turancin buroka ya yi wa Fela a Legas, shi Hausa take yi wa mawaƙi a Gombe.

Garin ya ga tsanani. Tun daga zaɓen 2003 sunan 'yan Kalare ya zama abin tsoro. Samari ne da 'yan siyasa suka riƙa ɗauka domin razana abokan hamayya, har ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bayani a kansu a wani rahoto na 2007. Sai kuma rikicin Boko Haram, wanda ya koro dubban mutane daga Borno da Yobe zuwa Gombe, sa'an nan ya biyo su. Ranar 31 ga Oktoba, 2014, ranar da Compaoré ya sauka a Burkina Faso, bam ya tashi a tashar Gombe Line. A watan Disamba wani ya tashi a tashar Dukku. Ranar 14 ga Fabrairu, 2015, mayaƙan suka kawo hari garin, suka watsa takardu suna gargaɗin mutane kada su fita zaɓe. Ranar 16 ga Yuli, ana cikin sayayyar jajiberin ƙaramar Salla, bama-bamai biyu suka tashi a babbar kasuwa, mutum kimanin 50 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Da yawanku kuna ƙanana a lokacin, amma iyayenku ba su manta ba.

A irin wannan hali, me mawaƙi zai yi? Fela ya san gidan wanda yake yi wa zambo, ya san kakinsa. Mawaƙin Arewa maso Gabas a 2014 bai san ko wanda ke zaune kusa da shi a mota ɗan leƙen asiri ba ne. Mutane ma sun daina kiran sunan ƙungiyar a bainar jama'a, sai dai a sakaya. Saboda haka idan kun saurari waƙoƙin Hausa na waɗannan shekaru, addu'ar zaman lafiya da habaici za ku fi ji, ba kama suna ba. Wanda bai san halin da aka yi su ba zai ce tsoro ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma ɓangaren da masu yabon gambara ba su cika son a taɓo ba. Kiɗan da yake tayar da mutane domin neman haƙƙi, shi ne kuma yake tashi a bayan motar kamfe, samari riƙe da gora suna biye. Mawaƙi ɗan Adam ne, yana da iyali, kuma a ƙasar da ake tura waƙa kyauta ko a kan 'yan kuɗi kaɗan, ɗan siyasa ne babban mai saye. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. James Brown ɗin nan da ya kwantar da tarzoma a 1968, shi ne ya goyi bayan Shugaba Richard Nixon a zaɓen 1972, har masoyansa baƙaƙen fata suka yi masa zanga-zanga a ƙofar wuraren wasansa. Dauda Kahutu Rarara ya yi wa Muhammadu Buhari waƙoƙin zaɓe a 2015 da 2019, a 2023 kuma, bayan Buhari ya sauka, ya fito fili ya soki mulkinsa.

Don haka idan waƙar siyasa ta shigo wayarku, kafin ƙafa ta fara motsi ku tambayi kanku: wa ya biya kuɗin naɗar ta? Wa aka zuga, wa aka yi wa zambo? Tambaya ta ƙarshe ta fi nauyi a gari irin Gombe, inda masallaci da coci suke layi ɗaya: aikin shugaba waƙar take suka, ko kuwa ƙabila da addinin maƙwabcinku? 'Yan Senegal da muka ambata katin zaɓe suka ce matasa su ɗauka. Waƙar da ta ce ku ɗauki wani abu dabam, ku dubi wanda zai kwana a asibiti da wanda zai kwana a gidan gwamnati.

Ma'anar wasu kalmomi

amsa-amo: daidaituwar sautin ƙarshen layukan waƙa
baitulmali: asusun da gwamnati take ajiye kuɗin jama'a
butulci: rashin godiya ga wanda ya yi maka alheri
dandamali: wuri mai tudu da ake hawa domin wasa ko jawabi
faifan garmaho: baƙin faifai mai faɗi da ake sa wa allura ya fitar da sauti
ginshiƙi: abin da ya tallafi gini ko wani al'amari
jajibere: ranar da take gaban ranar Salla
sakaya: faɗin abu a rufe, ba tare da bayyana shi sarai ba
tsirkiya: zaren da ake ɗaura wa abin kiɗa kamar kuntigi ko gurmi
'yan kwana-kwana: ma'aikatan kashe gobara

Nazarin harshe

Ku dubi waɗannan jimloli biyu:

Sojoji sun ƙone gidan Fela a 1977.
A 1977 ne sojoji suka ƙone gidan Fela.

Labarin ɗaya ne, amma a jimla ta biyu an jawo lokaci gaba domin a ƙarfafa shi. Idan aka yi haka, "sun" yakan koma "suka", "an" ya koma "aka", "mun" ya koma "muka", "kun" ya koma "kuka", "kin" ya koma "kika". Masu koyo sukan manta da wannan sauyi. Ku sake waɗannan jimloli, ku fara da lokaci ko wuri:

1. An ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996.
2. Mun ji waƙar a tashar Dukku.
3. Mawaƙan sun kafa ƙungiyarsu a Senegal.
4. Kin sayi wayar nan a babbar kasuwa.

Auna fahimta

1. Wace dabara Kool Herc ya yi domin ya tsawaita kiɗan ganga?
2. Me ya sa Fela ya zaɓi Turancin buroka? Wane harshe yake yin wannan aiki a Gombe?
3. Bayyana bambancin zambo da habaici. Wanne ya fi dacewa da lokacin tsoro, kuma don me?
4. Me ya sa aka ce a yi hattara da kalmar "ganowa"? Kun yarda, ko kuna da ja?
5. Kawo ma'anar wannan karin magana, ka kuma nuna yadda ta shafi mawaƙin siyasa: "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Aikin gida

Ku nemi wani dattijo ko dattijuwa a gidanku ko unguwarku, ku tambaye shi waƙar da ta fi tuna masa da wani lokaci na wahala, kamar yaƙi ko fari ko tsadar abinci. Ko da wane harshe aka yi waƙar, ku rubuta bayaninta da Hausa a cikin layi goma sha biyar: wanda ya yi ta, lokacin da aka yi ta, da abin da take faɗa. Idan akwai tsohon kaset ko faifai a gidan, ku nemi izini ku kawo shi aji ranar darasi na gaba.